Buhun Marmara

Ma'aikatan gwamnati na tafiya sallar Azahar, Maɗugu ya kwance buhun da suka cika da ƙasar gonarsa, ya zazzage ta.

Kuɗin fetur ya shigo, gwamnati za ta gina tashar manyan motoci a iyakar Jibiya. Filaye uku aka haƙa don gwaji, har da gonarsa ta Magama. An ce wata na'ura ce a Ikko, babban birnin ƙasa, za ta duba sakamakon, filin da ƙasarsa ta fi kyau shi za a karɓe.

Shi kuwa ya san tasa. Baƙar laka ce, dawa har tsawon raƙumi take yi a cikinta. Sai ya ɗebo jar marmara daga tudun da ko ƙaya ba ta tsirowa, ya cika buhun ya ɗaure.

Bayan wata biyu sai ga katafila a bakin gona.

"Yallaɓai, abincin iyalina ke nan!" in ji Maɗugu.

Injiniya Ummaru ya ɗaga takarda. "Ka yi haƙuri, Baba. Na'ura ta zaɓa, Ikko ta sa hannu. Ni kaina ba ni da ta cewa."

"To mi ta gani a gonata?"

"Marmara zalla. Babu ƙasar da ta kai ta ɗaukar nauyi." Ya girgiza kai. "Ni da ido ma na ɗauka laka ce. Da laka ce, Baba, wallahi ko kyauta ka ba mu ba mu so."