Mikiya a Ƙirjin Baƙo

An riga an kawo buhu da duwatsu kafin a aika kiran tsohuwa Fedosiya. Haka muke yi a ƙauyenmu na bakin kogin Volga: wanda ya yi ƙarya da sunan sarki, a ɗinke shi a buhu a ba ruwa.

Baƙon yana durƙushe a bakin gaɓa, hannuwa a ɗaure, leɓe a fashe. Kwana biyu kafin nan ya shigo gari da yagaggiyar rigar soja da tabon takobi daga goshi har haɓa, ya ce shi ne sarkin Rasha, jinin gidan Romanof, wanda aka ce ya mutu. Wai matarsa ce ta sa a shaƙe shi don ta haye gadon mulki, Allah ya kuɓutar da shi. Ya ce ranar da ya koma kujerarsa, ba za a ƙara sayar da manomi tare da gona ba.

Maganar ta zauna a ran mutane, domin ubangidanmu Arkadi ya gasa mana aya a hannu. Ya taɓa musanya maƙeri da karnukan farauta biyu. In aka nemi sojoji, shi ke nuna ɗan wa za a ɗauka, a yi wa yaro kukan mutuwa yana tsaye da ransa, don wanda ya tafi ba ya dawowa. Ko Tihon, ɗan kukun gidansa, bai tsira ba.

Amma bin baƙo tawaye ne, tawaye kuwa igiya ce a wuya. Sai dattijo Yermolai ya ce a duba alama. Kowa a nan ya san ana haihuwar sarki na gaske da tambarin sarauta a jikinsa. Ba wanda ya taɓa ganin sarki ko da riga, balle ba riga, amma kowa ya sani.

Fedosiya ce kukun nan ta gidan Arkadi. Shekara arba'in tana gaban murhunsa, ta kuma taɓa raka uwargida babban birni wata uku. A wurinmu wannan ya isa ya mai da ita masaniyar fatar sarakuna.

"Kaka, ke kika ga birni," in ji Yermolai. "Duba mana. In ƙarya ce, ga buhu nan."

Aka keta rigar. A ƙirjin baƙon, gefen hagu, ga mikiya mai kai biyu, irin ta tambarin sarautar Rasha, fukafukai a buɗe, faɗin tafin hannu, fatar wurin ta yi fari ta tattare.

Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Shi kuwa bai ɗago ido ba.

"Kaka, ba miji aka ce ki zaɓa ba fa!" wani ya faɗa daga baya, aka kwashe da dariya.

Sai ta zube, ta kafa goshi a laka.

"Ranka ya daɗe, Baba Sarki." Ta juyo kan jama'a. "Ku kwance shi, 'yan banza, kafin hannuwanku su shanye!"

Kafin rana ta take, ƙararrawar coci tana kaɗawa, maza sun fito da gatura da lauje. Wakilin gonar Arkadi suka fara samu a ƙofar gidan ubangidan, suka tsire shi da cokalin ɗibar ciyawa a jikin ƙyaure. Aka jawo Arkadi ta ƙafa daga bene, kansa yana bugun kowace matakala. A tsakar gida ya buɗe ido, ya ga buɗaɗɗen ƙirjin baƙon a kansa.

"Kai! Ai wannan..."

Bai ƙarasa ba. Baƙon ya fizgi gatarin Yermolai ya raba masa kai, jini ya fantsama har kan mikiyar.

Aka wawashe gidan kafin a cinna masa wuta. Wani ya ɗauki cokulan azurfa, wata madubi, wani katifar gashin tsuntsu. Fedosiya ba ta taɓa komai ba sai murfin ƙarfe na murhun ɗakin girki. Ta ɓalle shi, ta naɗe a mayafi, ta ja shi har kogi ta jefa. Mata suka ce tsufa ya ci kanta.

Kwana goma sha tara sarkinmu ya yi mulki. Ƙauyuka huɗu suka yi masa mubaya'a. Bai yarda kowa ya dafa masa abinci ba sai Fedosiya, ita kuma kullum tana tsaye a kansa har sai ya cinye.

A rana ta ashirin sojojin Sarauniya suka iso da igwa biyu. Lauje ba ya faɗa da igwa. Harbi uku suka yi a kan titin ƙauye, gawa ta hau kan gawa. Aka tsage wa Yermolai hanci da awartaki, aka rataye ɗaya cikin kowane maza goma. Mutum sittin da uku muka binne, har da mahaifina, kuma har yau raina bai huce ba.

Baƙon kuwa, aka kafa gumagumai a kan katakon fito, aka saƙala masa ƙugiya a haƙarƙari, aka sake shi a ruwa don kowane gari na bakin kogi ya gani. Yana da sauran numfashi lokacin da ya wuce mu.

Matar Yermolai ta shaƙo wuyan Fedosiya.

"Tsohuwar banza, kin ƙarar mana da maza! Ki rantse sarki ne!"

Fedosiya ba ta ko dube ta ba. Idonta yana kan katakon, yana bi daidai ta inda ta jefa murfin murhu. Murfin yana can ƙasa cikin laka da mikiyarsa mai kai biyu, wadda Tihon ya faɗa kanta da ƙirji tana ja wur, yana ɗan shekara uku, ranar da uwarsa ta juya baya don ta sauke tukunya.