Sunan Ɗan Fari

Tun da aka rufe ofisoshi, tagar ƙarfe ɗaya ce ke sauraren koken kowa a garin, ta tura shi ƙofar da ta dace: asibiti, kotu, ko rumbun hatsi. Koke ɗaya mutum ke yi a rana.

Kwana uku Inna Asabe tana zuwa nema wa ɗanta na fari gado a asibiti.

"Sunan majinyaci?" in ji tagar.

"Yaron nan nawa dai, babban."

"Ba a gane ba. Na gaba."

Shekara arba'in ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Maƙwabciyarta Ladi ta ce, "Inna, ƙarfe ne fa, bai san kara ba. Kuma ba ya karɓa sai daga bakinki."

Rana ta huɗu Inna Asabe ta baro ɗan yana numfashi da ƙyar, ta zo gaban tagar. Ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Sallau."

Ashe haka sunan yake da daɗi a baki. Tagar ta turo takarda.

"Wace ƙofa, Ladi? Asibiti?"

Ladi ta karanta, ta kasa ɗaga ido. "Ta bakwai, Inna. Inda ake ba da likkafani."