Inda Aka Binne Cibiyar Safinatu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku matso.

Mijinyawa ya buga takarda kan teburin kwamiti. "Ranka shi daɗe, maƙaryaciya ta! Safinatu Bodinga ba ɗiyar Bodinga ba ta!"

Wata gidauniya ce za ta biya wa ɗalibin digiri na biyu kuɗin jirgi, ya je ƙasar waje ya ƙarasa bincikensa na lafiya. Gurbi ɗaya tak, su biyu suka rage, shi da Safinatu. Sharaɗin kuwa, sai ɗan asalin ƙaramar hukumar da yake bincike a cikinta.

Mijinyawa ya ɗauka a Bodinga take bincike. Sati uku ya yi yana bin tsofaffi a kan babur, har ya samo shaidar mai gari: a Lambara ta ƙaramar hukumar Shagari aka haife ta. 'Yar fari ce, da aka yaye ta aka ba kakarta a Bodinga, makaranta ta liƙa mata sunan garin.

"Har cibiyata ka je tonowa, marar kunya?" in ji Safinatu.

"Na tono! Sai ki hau jaki zuwa Turai."

Shugaban kwamiti ya karanta, ya cire tabarau. "Madalla, Malam. Ai bincikenta kan mutuwar mata wurin haihuwa a ƙauyukan Shagari take yin shi. Ta fi ka maki, amma jiya munka yanke mu cire ta, don takardunta duk Bodinga. Ga shi ka kawo muna shaida."

Safinatu ta hau jirgi. Mijinyawa ya koma gidansu a Sifawa, har yau ba sa gaisawa. Ƙurunƙus.