Jar Saniya a Bangon Fagge

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Sabuwa tana tallan nono sai ta yi kiciɓis da saniyarta a bayan wata motar lodi. Ba mai rai ba, ta fenti. Ja ce, ƙahon hagu a karye, kunnen dama da tsaga biyu, shaidar garken gidansu. A gefenta an zana wata mace da ƙwarya a ka, ta juya baya.

Shekara uku ke nan rabonta da saniyar nan. A shekarar farin da ya ƙarar da dabbobi, ita kaɗai ta rage musu a rugarsu da ke bayan Sule Tankarkar. Saurayin da ya tashi a ɗakin Goggo, surukar Sabuwa, shi ya ja ta ya ce zai kai ta Kano ya sayar ya kawo gero. Daga ranar ba shi ba saniya. 'Yan ruga suka yi ta kiransa ɓarawo, har Goggo ta rasu da wannan baƙin ciki. Sabuwa kuwa uffan ba ta ce ba, ko sunansa ba ta ambata. Aka ce ai fushi ne ya ƙulle mata baki.

Ta sami direban motar, wani Ilu, yana cin tsire a inuwa.

"Malam, wa ya yi maka zanen nan?"

"Wani Bafillace ne a Fagge, Mai Jar Saniya ake ce masa. Ko zaki ka ce ya zana maka, sai ya liƙa saniyar nan a gefe. Kin san shi ne, Inna?"

"Yaron Goggo ne," ta ce.

Washegari tana zaune kan buhunan wake a bayan motar, da niyya ɗaya, ta gan shi ido da ido. Suka wuce Gumel, suka wuce Gagarawa. Matar da ba ta taɓa zarce kasuwar Gumel ba, sai ga ta tsakiyar Kano, kekuna na neman kwashe mata ƙafa.

Ba ta iya karatu ba, amma bangayen Fagge ba sa buƙatar karatu. Nan ga shagon aski da kawuna takwas a jere, kowane da irin askinsa. Can ga gidan abinci da kifi ya fi mai gidan girma. Gaba kaɗan ga ɗan dambe ya ɗaga hannu, ga jirgin sama, ga wata aljanar ruwa da ta sa Sabuwa ta yi a'uziyya ta kau da kai. A gefen kowannensu kuwa, ga jar saniya ga matar nan mai ƙwarya. Haka ta riƙa bin su lungu-lungu, yadda ake bin sawun dabba a kan yashi.

A bango na biyar ta tsaya ta ƙura wa ƙwaryar ido. Akwai tsaguwa a gefenta, an ɗinke da zare sau uku. Ƙwaryarta ce sak, ta gyara mayafi ta wuce.

Kwana biyu tana wannan yawo, tana kwana wurin Fulani masu nono. Duk wanda ya ce mata, "Wa kike nema, ya sunansa?" sai ta nuna saniyar kawai. A rana ta uku wani mai aski ya tura ta bayan tasha, wurin Ɗantala, tsohon mai fentin da ya koya wa Bafillacen sana'a.

Ɗantala ya ajiye gwangwanin fenti ya dube ta.

"Me ya haɗa ki da shi, baiwar Allah?"

"Saniyata ya tafi da ita."

Tsohon ya sauke numfashi. "To ki yafe masa. Saniyar nan ko Gagarawa ba ta kai ba ta faɗi don yunwa. Kunya ta hana shi komawa hannu wofi. Ya ce sai ya mallaki ja irinta zai je gida. Ya kusa, wallahi ya kusa. Sai sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar nan. Shekaranjiya muka yi sadakar arba'in."



"Zo ki ga aikinsa na ƙarshe," in ji Ɗantala.

Dogon bango ne. An zana ruga da bukkokinta, da tsamiya, da garke cike da shanu kamar ba a taɓa fari ba. Jar saniya na tsakiya. Wannan karon matar ta juyo, tsayinta daidai tsayin mutum. Sai dai inda fuska za ta zauna ba komai, farar ƙasa ce kawai.

"Kwana bakwai yana tsaye a nan da buroshi a hannu," in ji Ɗantala. "Mutumin da zai kalle ka sau ɗaya ya zana ka! Na ce masa me ya gagara? Ya ce ita wannan bayanta kawai ya sani. In ya shigo ta gabas sai ta juya yamma, ko nono za ta ba shi sai ta miƙo tana kallon gefe. Ya ce so yake ya koma ya roƙe ta ta dube shi sau ɗaya."

Sabuwa ta matsa har goshinta ya taɓa bangon, daidai farin wurin. Hawayen da ta shekara uku tana haɗiyewa suka ɓalle, ba ta damu da jama'ar tasha ba. Sannan ta buɗe baki ta ce, "Hamma," sunan da kunyar ɗan fari ta hana ta furtawa tun ranar da ta haife shi.