Idon Rijiyar Yalwan Damai

Da masu neman iskar gas suka tayar da nakiyarsu a cikin ƙasa, Yalwan Damai ta girgiza. Dutsen da ke gindin rijiyarmu ya goce, idon ruwa ya toshe. Gas kuwa ba su samu ba, suka naɗe wayoyinsu suka tafi.

Yau shekara tara matata tana ɗebo ruwa daga rafi. Kullum ta sauke tulu sai ta ce, "Malam, wanda ya nuna musu wurin nan, Allah ya isa."

Ni kuma in ce, "Amin."

Ni na haƙa rijiyar, ni kaɗai na san inda tsagar dutsen ta bi. Sau ɗaya babbansu ya kira ni "Injiniya", na ajiye dagina na shige musu gaba, na nuna musu wurin.