Tawada a Hannun Hagu

Malam ya tsoma tsinke cikin kwalbar tawada, ya ɗiga a farcen babban yatsan mutumin da ke gabansa, ya ce, "Wuce, Allah ya sa a rufa lafiya."

Aikinsa ke nan duk ranar rabo. Asabar ce ko Lahadi, ba shi ne abin ji ba. Ƙungiyar 'yan sa-kai ta unguwa takan zo tsohuwar masaƙa, inda aka sauke 'yan gudun hijira, ta jera tebura a bakin babban zaure. Ran nan barguna ake rabawa, don damina ta kankama, rufin kwanon kuma yana yoyo ta wuri bakwai.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Mutum ɗaya, kaso ɗaya, ɗigon tawada a hannun dama. Wanda aka kama ya maimaita layi, a riƙe katinsa na rabo wata guda.

Injiniya, sabon shugaban ƙungiyar, makonsa uku kacal da kama aiki, mutum ne mai son tsari. Duk cikin masu koriyar rigar ƙungiya babu wanda ya kwanta masa a rai kamar Malam. Komai sammakon Injiniya, a can yake tarar da tsohon, rigar ta yi masa yawa har kafaɗa na zamewa, yana gyara kuskuren rubutu a jikin allon sanarwa.

"Da duk membobinmu haka suke, ai da mun huta," in ji Injiniya.

Sakatariyar ƙungiyar ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka kira ta bakin ƙofa, motar kaya ta iso. Ita ce kullum takan karɓi kwalbar idan layi ya kusa ƙarewa, ta ce Malam ya je ya sha ruwa. Yau babu ita.

Wata dattijuwa mai shuɗin mayafi ta zo tun da wuri, ta miƙa hannun dama. Malam ya ɗiga mata. Ta ɗaga hannu wajen wuyan rigarsa da ya naɗe, ta fasa, ta ɗauki bargonta ta wuce.

Can wajen ƙarshen layi sai ga shuɗin mayafin kuma. Ta leƙa hagu da dama kamar mai neman wani, ba ta gan shi ba. Ta miƙa hannun hagu.

Malam ya dubi hannun. Ya ce ta kawo ɗayan. Ta yi jinkiri, ta kawo. Tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, da girmanki?" Muryar tsohon malamin aji ce, har ƙarshen zaure ana ji. "Ga masu goyo a baya suna jira, ke kin zo cin kaso biyu?"

"Malam, ka sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba. Mijinki ya san abin da kike yi?"

Ta dubi ƙasa. "Bai sani ba."

"To, Allah ya ba shi haƙuri. Ko wane ne, an zubar masa da mutunci yau."

Masu layi suka sunkuyar da kai, wata mata ta rufe baki da gefen zane. Injiniya ya ɗauka kunyar halin 'yar'uwarsu ce ta kama su. Ya taso ya miƙa hannu.

"Iya, kawo katin."

"Yallaɓai, ka dube shi da kyau tukuna."

Bai duba ba. Ya cusa shi a aljihu, ya sa aka je aka ɗauko bargon farko ma, don ya zama darasi. Wani gurgu mai gyaran takalma ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka jira Sakatariya." Injiniya ya ce shi ba a koya masa aiki. Dattijuwar ta goge yatsa a mayafi, ta koma ciki hannu rabbana.

Malam ya rufe kwalbarsa yana girgiza kai, yana faɗin yadda tarbiyya ta lalace.

Da la'asar aka naɗe tebura. Hadari ya haɗo. Injiniya ya ce Malam ya shigo mota ya rage masa hanya.

"Na gode, ɗana. Gidana nan kusa ne."

Ya fita bakin ƙofa ya tsaya. Ya dubi titi ta dama, ya dube shi ta hagu, ya shafa aljihu kamar mai neman makulli. Ya daɗe a haka. Sai ga shuɗin mayafin. Ta zare kwalbar daga hannunsa a hankali, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Mu je, ruwa zai sauko." Ya bi ta suka koma ciki ba musu.

Injiniya na riƙe da murfin mota, bai shiga ba. Sakatariya ta ƙaraso da sauri, labarin ya riga ya kai mata.

"Ka duba katin kuwa?"

Ya zaro shi. Hoto biyu ne a jiki.

"Da suka iso, kwana uku Malam bai taɓa abinci ba," in ji ta. "Wai shi ba a ba shi sadaka, shi ke bayarwa. Shi ya sa muka sa masa rigar. Ba ya tuna garinsu, ba ya tuna gudun, wata rana ko ita ba ya tunawa. Idan aka ɗiga masa tawada zai gane shi ma mai karɓa ne, sai take karɓar masa a hannunta na hagu."

Ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo a kan katin, daidai hoton Malam, inda aka rubuta a ƙasa: mijinta.