Kaffarar Malam Yusha'u

Ranar Alhamis da yamma Malam Yusha'u ya zura hannu a aljihun farar rigarsa zai ajiye carbi, sai yatsunsa suka ci karo da karan taba.

Bai yi mamaki ba, ya saba. Ya ja a'uziyya, ya dubi ƙofar kicin inda matarsa Safara'u ke daka, ya zagaya bayan gareji wai zai duba tayar Vespa.

Yusha'u babban akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma tun yana makarantar midil yake zuƙa. Da tarinsa ya fara hana gida barci, sai ya daki ƙirji a gaban surukansa ya ce wallahi tallahi shi da taba har abada. Abadan ɗin ba ta ga ƙarshen mako ba.

Limamin unguwa bai ɓoye masa ba: wanda ya karya rantsuwa sai ya ciyar da miskinai goma. Shi kuwa Yusha'u ko a wajen tuba ba ya son a raina shi, don haka ya ce shinkafa za a dafa da miyar kaji. Sai dai samun miskini a Unguwar Rimi aiki ne, unguwar da ko mai gadi yana da rediyo. Allah ya taimaka Sanda, mai yi masa wanki da guga, ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar min wannan." Ranar Juma'a ya zo da mutum tara daga Abakpa, shi ya cike na goma.

Suka ci, suka suɗe, suka ɗaga hannu suka roƙi Allah ya raba bawansa da hayaƙi. Addu'ar ta ratsa Yusha'u har ya ji ƙwalla, nan take ya sake rantsuwa, wadda ta fi ta farko kauri.

Kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Ya ƙone kwalayen da ya ɓoye. Ya sake hanyar ofis don kada ya bi ta gaban mai tebur. Ya ci goro har haƙoransa suka koma kamar jan bulo. Daga Asabar zuwa Laraba ka gan shi sai ka ce waliyyi. Amma da Alhamis ta yi, ya yi wanka ya sa rigar da ke ƙamshin sitaci, sai ga kara ɗaya tal a aljihu, a ɗan baje, yana ƙaurin gawayi.

Ƙaurin nan ne ya warware masa komai. Wa zai kawo taba mai warin wuta in ba mazaunin wuta ba? Yusha'u ya tabbata Iblis ne da kansa, ba wani ƙaramin shaiɗani ba. A can ƙasan ransa har ya ɗan ji daɗi da aka ware masa babban.

Safara'u kam ba ta ji daɗin komai ba, don duk Alhamis sai ya sha karan, duk Juma'a sai ta dafa kaffara. Kajin da ta fige a watannin nan sun ishi bikin suna da na aure. Ran nan ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, ni fa aure na zo, ba gidan abinci na zo buɗewa ba. Na ƙara ɗora tukunyar kaffara, to a Zariya za ka same ni."

Maganar ta tsorata shi ƙwarai, domin duk shirmensa yana son matar nan, kuma ya san ita ba ta rantsuwa, yi kawai take yi.

Shi ya sa yau ya daɗe a bayan gareji da karan a hannu. Ya ce zai karya shi. Ya ce a'a, bari ya shinshina tukuna don ya san irin makircin abokin gaba. Ya ce ai sa shi a baki ba sha ba ne. Daga nan bai san yadda aka yi ashana ta kama ba.

Safara'u ta ji warin tun daga kicin. Ta ci gaba da dakanta. Washegari ta dafa shinkafar, don ba ta son haƙƙin Allah ya kwana a gidanta, ta zuba wa miskinai, ta ɗauki akwatinta ta nufi tasha. Su Sanda suka ci cikin jimami, har da ƙari.

Gidan ya yi wa Yusha'u faɗi. Ya kasa cin abinci, kuma abin mamaki ko sha'awar taba bai ji ba. Ya yanke shawarar zuwa biko, amma babbar rigarsa mai aska tana wurin wanki, ga shi ba zai iya jiran Alhamis, ranar da Sanda ke kawo kaya, ba. Ranar Laraba da hantsi ya hau Vespa sai Abakpa.

Yana shiga zauren Sanda ya jiyo muryoyi daga tsakar gida. Ya gane su, miskinansa ne.

"In uwargida ba ta dawo ba mun shiga uku," in ji ɗaya.

Yusha'u ya tsaya, zuciyarsa ta karye. Ashe akwai masu kwana da damuwarsa. Ya share ido, ya leƙa zai yi sallama.

"Za ta dawo, ku dai ku dage da addu'a," in ji Sanda, sannan ya zaro karan taba daga bayan kunne, ya zura a aljihun babbar riga mai aska, ya bi ta kai da dutsen guga mai gawayi.